Kirista da Taken Ƙasarsa: Abin da Fursunonin Yaƙi Suka Koya Mana



A ranar 29 ga watan Mayu 2024 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a dokar da ta komo da taken ƙasa na zamanin samun mulkin kai, aka ajiye wanda muka saba da shi tun 1978. A makonnin da suka biyo baya, duk wanda ya bi ta gefen makarantun firamare na ƙauyukanmu a ƙasar Tofa da sassafe ya ga abin da muka gani. Yara sun yi layi, an ɗaga tuta, malami ya ba da murya, sai guna-guni ya tashi kamar na ƙudan zuma a amya. Malamin kansa takarda ce a hannunsa yana leƙawa. Ba laifin kowa ba ne, gama an daina rera wannan take tun kafin a haifi yawancin malaman. Waɗanda suka san shi da ka su ne 'yan kaɗan da suka shiga makaranta kafin 1978, kuma mun san cewa a karkarar Kano ba a cika azuzuwa ba sai da shirin ilimin firamare kyauta ya zo a 1976.

Wata Lahadi bayan Misa maganar ta taso a gindin darbejiya, sai wani dattijo manomi ya yi tambayar da ta rufe bakin kowa. Ya ce, in ya iya taken nan daga farko har ƙarshe, za a rage masa kuɗin buhun taki? Aka yi dariya, amma tambayar ba ta wasa ba ce, kuma ba daidai ba ne a amsa ta da tsawa. Za a ce masa sashe na 24 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa kowane ɗan ƙasa girmama tuta da taken ƙasa, gaskiya ne kuwa. Sai dai doka tana iya sa mutum ya miƙe tsaye, ba ta iya sa ya ƙaunaci abin da ya miƙe dominsa. Saboda haka muka ga ya kyautu mu nemi amsar a wurin mutanen da aka raba da ƙasarsu ƙarfi da yaji, wato fursunonin yaƙi.

Bari mu fara daga gida. Kalmar "take" tamu ce tun kafin Bature ya zo. Sarki yana da takensa, mahauci da nasa, ɗan dambe da nasa. A wurin gayya, idan makaɗin gangar noma ya juya kiɗa ya buga taken wani saurayi, za ka ga wanda ƙugunsa ya riga ya gaji ya sāke sunkuyawa ya cinye kunyarsa kafin sa'o'insa. Ba a ambaci sunansa da baki ba, amma ya ji an kira shi, an tuna masa ɗan wane ne shi, daga wane gida ya fito. Wanda bai san takensa ba kuwa, ko an yini ana buga masa, noma kawai zai ci gaba da yi kamar baƙo. Waɗanda suka fara kiran waƙar ƙasa da suna "taken ƙasa" sun dace da kalma ƙwarai.

To, ku dubi halin wanda aka kama a fagen fama. Ana karɓe bindigarsa, a raba shi da shugabanninsa, a wasu wuraren ma a aske masa kai a ba shi lamba a maimakon suna. Yarjejeniyar Janeba ta 1949 ta ce ba a tilasta wa fursunan yaƙi faɗin kome sai sunansa da muƙaminsa da ranar haihuwarsa da lambarsa ta soja, kuma Katikizim na Ikilisiyar Katolika, a lamba 2313, ya koyar cewa wajibi ne a girmama fursunoni a kuma bi da su kamar 'yan Adam. Amma sau nawa ake kiyaye wannan? Abin da mai tsaro yake nema shi ne kamamme ya yarda cewa shi kaɗai ne, an manta da shi, ba shi da kowa. A irin wannan wuri mutum ba ya da dukiyar da ta wuce abin da ya haddace. Ana laluba aljihu a ƙofar kurkuku, amma ba a taɓa ƙirƙiro hanyar laluba abin da uwa ko malami ya zuba wa yaro a ka ba.

A watan Fabrairu 1971, a kurkukun Hoa Lo da ke Hanoi, sojojin Amurka da aka kama a yaƙin Biyetnam suka yi sujada ta ranar Lahadi ko da yake an hana su. Masu tsaro suka shigo suka fitar da waɗanda suka jagoranci sujadar, cikinsu har da wani hafsan jiragen sama mai suna Robinson Risner, domin a hukunta su. Ana fita da su sai wani fursuna, George Day, ya ɗaga murya ya kama taken ƙasarsu, 'yan ɗakin suka amsa, sa'an nan ɗakunan da ke maƙwabtaka suka ɗauka. Mutane ne da wasunsu suka shekara biyar ko fiye a tsare, da yawa an azabtar da su. Ba muna yanke hukunci a kan adalcin wancan yaƙi ba ne, kuma da ɗan Biyetnam ne a hannun Amurka da maganarmu ba ta sāke ba. Abin lura shi ne, a wannan sa'a ba wanda yake da takarda, ba kuma lokacin koyo. Da rabinsu sun san rabin waƙar kawai, da murya ta mutu a baiti na farko, waɗanda ake ja zuwa horo kuma su tafi cikin shiru. Shi kansa taken na Amurka a tsare aka haife shi: Francis Scott Key ya rubuta shi a watan Satumba 1814, bayan ya kwana a hannun Ingilishi a kan ruwa yana kallon ruwan wutar da ake yi wa ganuwar Baltimo, shi kuwa ya je ne roƙon a saki wani likita da aka kama.

Labarin kakanninmu ya fi wannan ɗaci. A Yaƙin Duniya na Biyu an kwashi samari daga ƙasar Kano da sauran Arewa zuwa Bama, cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, kuma Hausa ce harshen bariki. Sun yi waƙoƙinsu na maci, amma taken da ake miƙewa dominsa na Sarkin Ingila ne. 'Yan'uwanmu na ƙasashen da Faransa ta mallaka, har da Nijar, sun faɗa hannun Jamus da yawa a 1940. An kashe wasu nan take bayan sun ajiye makamai saboda launin fatarsu, sauran aka tsare su a sansanoni cikin Faransa. Ɗaya daga cikinsu ɗan Katolika ne daga Senegal, Léopold Sédar Senghor, wanda aka kama a watan Yuni 1940, ya zauna a sansanoni har da na Poitiers, sai 1942 aka sake shi saboda rashin lafiya. Wasu daga cikin waɗanda suka tsira suka komo gida, suka nemi haƙƙinsu na albashi a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, sai sojojin Faransa suka buɗe musu wuta a ranar 1 ga Disamba 1944. Hukuma ta ce mutum 35 suka mutu, masana tarihi da yawa suna ganin adadin ya fi haka nesa. Waɗannan mutane sun sha ɗauri saboda tutar da ba ta ɗauke su 'ya'ya ba. Da Senegal ta sami 'yanci a 1960, Senghor, shugabanta na farko, shi ya rubuta kalmomin takenta da hannunsa. Muna ganin mutumin da ya kwana a sansani ba tare da waƙar ƙasa tasa ta kansa ba ya san darajar abin fiye da mu da muka tashi muka tarar da shi.

Littafi Mai Tsarki ya riga mu sanin wannan. Zabura 137 kukan kamammu ce, waɗanda aka kwashe zuwa Babila bayan faɗuwar Urushalima wajen shekara 587 kafin haihuwar Almasihu. Suna zaune a bakin kogi, waɗanda suka kamo su suka ce su yi musu waƙar Sihiyona don nishaɗi, su kuwa suka rataye garayunsu suka ƙi. A Hanoi rerawa ce ta zama ƙarfin hali, a Babila kuwa yin shiru. Amma dukansu biyu tushensu ɗaya, gama ba mai iya hana maƙiyi waƙar da shi kansa bai sani ba. Shirun wanda ya sani magana ce, shirun wanda bai sani ba kuwa ba ya nufin kome. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, in ji masu iya magana, amma sai in ya ji kukan tun yana cikin sheƙa.

Yanzu sai mu saurari masu ja, domin suna da hujja, kuma wasunsu a cikinmu suke.

Na farko ya ce taken nan da Turanci yake, kuma ba ɗan ƙasa ya rubuta shi ba. Haka ne. Wata Baturiyar Ingila mai suna Lillian Jean Williams ce ta rubuta kalmomin, wata kuma, Frances Berda, ta sa musu kiɗa. Wanda aka ajiye kuwa an haɗa shi ne daga rubutun 'yan Najeriya biyar, Benedict Odiase na ƙungiyar kaɗe-kaɗen 'yan sanda ya yi masa kiɗa. Maƙwabtanmu na Nijar sun bi akasin hanyarmu, gama a watan Yuni 2023 suka sauke taken da wani Bafaranshe ya rubuta musu a 1961 suka ɗauki sabo. Mu ma muna da ra'ayi: gaggawar da Majalisar Tarayya ta yi, ta gama da dokar cikin 'yan kwanaki ba tare da an ji ta bakin talakawa sosai ba, ba ta kyautu ba. Kirista yana da 'yancin faɗin haka, har ya nemi a gyara ta hanyar da doka ta tanada. Amma muddin wannan ne taken da ɗan Tofa da ɗan Kalaba za su iya haɗa murya a kansa in wahala ta gama su a wuri ɗaya, ƙin koyonsa ba Majalisa zai cuta ba. Game da Turanci kuwa, a nan ne muke da aiki, domin haddar aku ba sani ba ce. Baitoci uku ne kawai. Na farko yana maganar 'yan'uwantaka duk da bambancin kabila da harshe, na biyu yana maganar gaskiya da adalci da abin da za mu bar wa 'ya'yanmu, na uku kuwa addu'a ce ga Allah Mahalicci domin ƙasar da ba a zaluntar kowa a cikinta. Wace uwa ce a Zumuntar Mata ba za ta gane wannan ba in an bayyana mata da Hausa?

Na biyu ya fi nauyi. Ya ce, yaya zan yi wa ƙasar da ba ta kula da ni waƙa? Mu Kiristocin karkarar Kano mun san zafin wannan tambaya. Mun san yadda ake ji in aka ɗauki mutum baƙo a ƙasar da kakannin kakanninsa suka sare dajinta, don kawai sunansa na baftisma. Amma ku karanta Ayyukan Manzanni sura 16. An yi wa Bulus da Sila dūka a Filibi, aka jefa su can cikin kurkuku, aka sa ƙafafunsu a turu. Da tsakar dare suna addu'a suna waƙar yabon Allah, sauran 'yan sarƙa suna saurare. Da gari ya waye mahukunta suka aiko a sake su a ɓoye, sai Bulus ya ƙi fita, ya ce su 'yan ƙasar Roma ne da aka dūka ba tare da shari'a ba, sai mahukuntan sun zo da kansu. Suka zo kuwa, suka ba da haƙuri. Mutum ɗaya, cikin dare ɗaya da safiyarsa, ya yi waƙar Allah ya kuma tsaya a kan haƙƙinsa na ɗan ƙasa. Roma ba ta kasance mai adalci ga Bulus ba, a ƙarshe ma ita ta sare kansa, duk da haka bai yar da 'yancinsa ya ce ba ruwansa ba. Taken ƙasa alkawari ne da ƙasa ta yi da bakinta a gaban kowa. Wanda ya san abin da ke cikinsa yana iya tsayawa gaban hukuma ya ce, ga abin da kuke rerawa kowace safiya, ina cikawar? Wanda bai sani ba ya bar takardar gonarsa a hannun abokin shari'arsa.

Na uku yana tsoron kada girmama tuta da take ya zama bautar gumaka. Tsoron yana da asali. A Daniyel sura 3, da kiɗa aka kira jama'a su rusuna wa gunkin zinariya na Nebukadnezzar, Shadrak da Meshak da Abednego kuwa suka zaɓi tanderun wuta. Ikilisiya ta ja layin a sarari. Katikizim ya sa ƙaunar ƙasa da yi mata hidima a ƙarƙashin doka ta huɗu, ta girmama uba da uwa, ya ce bashin godiya ne (lamba 2239), sa'an nan ya ce in hukuma ta umarci abin da ya saɓa wa dokar Allah, wajibi ne a ƙi (lamba 2242). Muna miƙewa tsaye don take kamar yadda muke rusunawa mu gaida mahaifi, amma sujada ta Allah ce shi kaɗai. A ɗakin yunwa na Auschwitz a watan Agusta 1941, Waliyi Maximilian Kolbe, mai ƙaunar ƙasarsa Folan ƙwarai, addu'a da waƙoƙin ibada ya jagoranci abokan mutuwarsa da su. A bakin kabari taken ƙasa ba ya ceto. Haka kuma 'yarmu Leah Sharibu, wadda aka sace tare da 'yan makarantar Dapchi a watan Fabrairu 2018, aka ƙi sakinta tare da sauran a watan Maris: saboda sunan Yesu ta tsaya. Amma kada mu manta cewa waɗanda suka kama ta suna koyar da cewa tuta da take da makarantar boko duk kafirci ne. Sun gane cewa abin da yake haɗa yaron Musulmi da na Kirista a layi ɗaya da safe shinge ne a gabansu.

Akwai gargaɗi guda da ba za mu tsallake ba, ko da yake yana rage wa hujjarmu ƙarfi. A Littafin Mahukunta sura 12, mutanen Gileyad suka tare mashigin Urdun, suna sa duk mai wucewa ya faɗi kalma ɗaya. Wanda harshensa ya karkace, sun san Ba'ifraime ne, sai su kashe shi, har mutum 42,000. Duk abin da yake nuna "namu" yana iya zama wuƙar yanka "ba namu ba". A Laberiya a 1990, bayan sojojin ECOMOG sun sauka, zama ɗan Najeriya ya zama laifi a yankunan da 'yan tawayen Charles Taylor suke riƙe da su, aka tsare 'yan ƙasarmu da yawa, 'yan jarida biyu kuma, Krees Imodibe da Tayo Awotusin, ba su komo ba. A nan gida ma, wannan take da aka komo da shi, mai maganar 'yan'uwantaka, shi ake rerawa a 1966 lokacin da aka zubar da jinin maƙwabta a Kano da wasu garuruwan Arewa, shi ne kuma a bakin sojojin tarayya cikin yaƙin basasa daga 1967 zuwa Janairu 1970, sa'ad da ɗaya ɓangaren yake rera nasa. Waƙa ba ta hana takobi fita daga kube ba. Saboda haka kada wani a cikinmu ya mai da sanin take abin gwada mutane. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba, wadda ta noma gero da gyaɗa shekara hamsin ta ciyar da gida, ba ta gaza kowane mai digiri zama 'yar ƙasa ba, ko da ba ta iya kalma ɗaya ta taken.

Ga dattijonmu mai tambayar taki, amsarmu ke nan: ba za a rage masa ko kwabo ba. Amma yana da jikoki, kuma a cikin samarin ƙauyukanmu akwai waɗanda suka shiga soja da 'yan sanda, akwai masu tafiya cirani nesa, akwai 'yan makarantar kwana. Bayan Chibok a 2014 da Ƙanƙara a 2020, ba mai iya cewa kamu labarin wata ƙasa ne. Muna roƙon Allah ya tsare su duka. In kuwa mummunar rana ta zo wa ɗayansu, muna so a same shi da guzuri a ka: Addu'ar Ubangiji da A Gaishe Ki Maryamu da fari, da zabura ko biyu, sa'an nan waƙar da zai iya haɗa murya a kanta da ɗan'uwansa kamamme wanda ba addininsu ɗaya ba, ba kuma harshensu ɗaya ba. Annabi Irmiya, a sura 29, ya rubuta wa kamammun Babila su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su bauta, su yi masa addu'a. In an nemi haka daga bayi domin birnin maƙiyansu, balle mu domin ƙasar da aka binne cibiyarmu.

Shawarar da muke kawowa mai sauƙi ce. Kada a shigar da taken cikin Hadayar Misa, gama bagade ba wurinsa ba ne. Amma bayan an sallami jama'a, ko a ajin katikizim na yara, katikis ko wani malami daga cikinmu ya ɗauki baiti ɗaya kowace Lahadi, ya karanta shi a hankali, ya fassara ma'anarsa da Hausa, a yi tambayoyi, sa'an nan a rera. Cikin makonni uku an gama. A nemi dattawan da suka rera shi kafin 1978 su ba da murya, tsofaffin sojoji kuma, in akwai su a majami'a, a ba su wuri su faɗa wa yara abin da idonsu ya gani. Za a iya rufewa da Addu'a domin Najeriya cikin Damuwa, wadda bishop-bishop ɗinmu suka ba mu a 1995. Majami'un da suka fara da wuri za su kasance a shirye kafin ranar 1 ga Oktoba, waɗanda aikin kaka ya riƙe kuwa su sa ido ga 15 ga Janairu, ranar tunawa da sojojin da suka kwanta dama.